Ina Hanyar Mai Tafiya A Ƙasa Cikin Birnin Kano?

Mutumin Ajingi ko na Gaya da ya yi sammako ya shiga mota, ya biyo ta Wudil, ya wuce Mariri da Hotoro, ya sauka cikin Kano domin ya kai takarda wata ma'aikata ko ya dubo ɗan'uwansa a Asibitin Murtala, da zarar ya sa ƙafarsa a ƙasa zai gane cewa yanzu wahalar tafiyarsa ta soma. A garinsu ya saba ya fito daga gida ya bi ta gindin tsamiya, ya ratsa ta bakin kududdufi, ya isa kasuwa ko gona ba tare da wani ya razana shi ba. A Kano kuwa sai ya tarar mai tebur ya kafa a gefen titi, gaba da shi mai faci ya baje kayansa, gaba kaɗan kuma wani ya ajiye mota a kan ɗan dakalin da aka yi domin masu wucewa. Tilas ya sauka kan kwalta ya yi ta gogayya da 'yan adaidaita sahu, rana tana dukansa, ba inuwa, ba wurin da zai zauna ya huta.

Ba baƙo kaɗai ke shan wannan wahala ba. Tun watan Janairu na 2013 aka hana 'yan acaɓa ɗaukar fasinja a birnin, sa'an nan da aka janye tallafin man fetur a ƙarshen watan Mayu na 2023 kuɗin mota ya yi tashin gwauron zabo, har ƙananan ma'aikata da ɗalibai masu yawa suka koma taka sayyada, wasu rabin hanya, wasu kuma hanyar duka. Duk wanda ya tsaya a Ƙofar Nasarawa da misalin ƙarfe bakwai da rabi na safe zai ga ayarinsu, masinjoji da malaman makaranta da 'yan mata masu ɗauke da jakar littattafai. A cikin waɗannan shekaru kuma an kashe dukiya mai yawa wajen gadojin sama da na ƙarƙashin ƙasa, a Ƙofar Nasarawa da Kabuga da Gadon Ƙaya da Dangi da Hotoro. Ba wanda zai ce ba su yi amfani ba. Amma kusan dukkansu domin mai mota aka yi su, alhali kuwa masu mota su ne 'yan tsiraru.

Abin da ya kamata hukuma ta duba shi ne a samar wa Kano hanya guda sananniya ta masu tafiya a ƙasa, mai inuwa da wuraren zama, wadda mota da babur ba za su hau ba, ta bi ta bakin ruwa da gindin ganuwa, ta haɗa 'yan filayen da suka rage wa jama'a. Ba sai an ɗauko wani masani daga ƙasar waje ya zauna yana zane ba, gama magabata sun riga sun zana ta tun ɗaruruwan shekaru da suka wuce.

Labarin da aka gada ya nuna cewa wani maƙeri mai suna Kano ne ya taso daga Gaya neman tama, ya zauna kusa da Dutsen Dala, kuma zuriyarsa su ne ake kira Abagayawa. Ashe ke nan mutumin ƙasar Gaya ba baƙo ba ne a wannan magana, kakansa ne ya fara taka hanyar. Abin da ya riƙe mutane a gindin Dala, ban da tama, shi ne ruwa, watau Jakara. A wancan zamani kurmi ne mai duhu ya kewaye ta, ana girmama wurin ana kuma jin tsoronsa, kuma daga nan ne Kasuwar Kurmi, wadda aka kafa a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa (1463 zuwa 1499), ta samo sunanta. Baturen nan Clapperton da ya shigo Kano a 1824 ya tarar da fadama ta raba birnin biyu, kasuwa tana ci a kan ɗan tudun da ya haɗa ɓangarorin. Ita kuwa ganuwa, a zamanin Sarki Gijimasu aka soma ta, wajen ƙarni na 12, sarakunan baya suka yi ta faɗaɗa ta. Ramukan da aka haƙa aka ɗebi ƙasar gini, na ganuwa da na gidaje, su ne suka zama kududdufai, su ne kuma suke shanye ruwan damina kafin ya shiga ɗakunan mutane.

In aka ɗora waɗannan wurare a kan taswira sai a ga hanya ta fito da kanta. Mutum ya sauko daga Dala ya nufi Jakara, ya ratsa Kurmi, ya fita gabas zuwa marinar Ƙofar Mata da Filin Idi, ya karkata kudu zuwa Ƙofar Nasarawa, daga nan ya bi gindin ganuwa ta Sabuwar Ƙofa zuwa Ƙofar Ɗan'agundi. A nan hanya ta yi reshe biyu. Ɗaya ya bi ta Gandun Albasa ya ɓulle Gidan Zoo, ɗaya kuma ya ci gaba da bin ganuwa ta Ƙofar Na'isa da Gadon Ƙaya da Dukawuya har Kabuga, inda Gwauron Dutse yake tsaye ba da nisa ba. A kan wannan layi ko kusa da shi akwai Gidan Murtala, akwai Kwalejin Rumfa, akwai tsohuwar harabar Jami'ar Bayero, akwai asibiti da kasuwa da masallatai. Watau hanyar da mai yawon buɗe ido zai so ya bi ita ce dai hanyar da ma'aikaci da ɗalibi suke bi kullum, sai dai yanzu suna bin ta ne cikin ƙura da fargaba. Mutum mai lafiya yakan ci kilomita huɗu zuwa biyar a awa guda. Ga wanda aka sama wa inuwa, tafiyar rabin awa zuwa ofis ba azaba ba ce, kuma kuɗin motar da ya rage zai shiga cefane.

Kada kuma wani ya ce tafiyar ƙasa ba ɗabi'ar Kanawa ba ce, ko kuwa alamar talauci ce. A al'ada, da ƙafa Sarkin Kano yake fita daga Gidan Rumfa zuwa Filin Idi ranar Ƙaramar Salla, sai an idar da salla ya hau. Ranar Takutaha yara da manya suke cika Dala. Maukibin Ƙadiriyya ma da ƙafa ake yinsa, daga Kabara zuwa maƙabartar Mai Giginya. Raina mai tafiya a ƙasa sabon abu ne, ya zo ne tare da bashin mota.

To, amma me ya sami hanyar? Jakara dai ta zama lambatu. Ruwan wanka da wanke-wanke na unguwannin cikin birni, da jinin kwata, da leda, da duk wata shara da aka rasa inda za a kai, cikinta suke ƙarewa. Bayan ta fita daga birni ta wuce ta gefen Sabon Gari, sai ta haɗu da Getsi mai ɗauke da dagwalon masana'antun Bompai, su tafi tare su zube a madatsar Wasai ta ƙasar Minjibir. A kan hanya kuma masu lambu suna jan wannan ruwa suna shayar da latas da kabeji da alayyafo, waɗanda gobe za a kawo kasuwa. Wanda ya zuba shara a Jakara da safe, mai yiwuwa ne ya ci abinsa a kwaɗo bayan wata biyu.

A 2013 gwamnatin Injiniya Rabi'u Musa Kwankwaso ta soma aikin da jama'a suka sani da Wuju-Wuju, watau a killace ruwan daga Jakara zuwa Kwarin Gogau cikin siminti a shimfiɗa titin mota a kansa. Aikin ya yi shekaru a tsaye bayan canjin gwamnati na 2015. Dalilan da suka sa aka tsiri aikin na gaskiya ne, kuma mazauna bakin ruwan sun fi kowa saninsu: wari, da sauro, da ambaliya, da ɓata-garin da suka mai da wurin maɓoya. Wanda bai taɓa kwana a ɗakin da ke kallon Jakara ba bai kamata ya yi saurin sukar wanda ya ce a rufe ta ba. Duk da haka, akwai abin lura daga wasu biranen da suka riga Kano bin wannan hanya.

A Seoul, babban birnin Koriya ta Kudu, akwai wani rafi mai suna Cheonggyecheon wanda ya ƙazantu kamar Jakara. Daga 1958 aka shiga rufe shi da siminti, daga baya har aka ɗora masa gadar sama. A 2003 sai hukumar birnin ta rushe gadar, ta tone rafin, kuma a 2005 aka buɗe shi da hanyar masu tafiya a ƙasa a gefensa biyu, tsawon kusan kilomita shida. Sun biya kuɗin rufewa, sun dawo sun biya kuɗin buɗewa. Gaskiya ne ruwan da ke gudu a ciki da inji ake turo mafi yawansa, kuma wannan tsada ce da Kano ba za ta iya ɗauka ba, ba kuma wanda ya ce ta ɗauka. Misalin Landan ya fi kusa da ƙarfin talaka. Magudanar Regent, wadda aka gama haƙawa a 1820 domin jiragen dakon kaya, tana da 'yar siririyar hanya a gefenta inda dawaki suke bi suna jan jiragen. Da dakon ya mutu ba a sayar da hanyar ba, ba a kuma gine ta ba, sai aka bar wa jama'a. Ga ta nan tana bi ta gefen lambun Regent da gidan namun dajin birnin, ma'aikata suna bin ta zuwa aiki. Dabarar duka ita ce ba a taɓa barin wani ya kafa tubali a kanta ba.

Wannan dabara ba baƙuwa ba ce a Jihar Kano. Wanda ya je Kadawa ko Kura ya ga magudanun noman rani da ke kawo ruwa daga madatsar Tiga, wadda aka gama a 1974 zamanin Gwamna Audu Baƙo, ya san cewa an bar hanya a gefen babbar magudana domin masu gyara da manoma. Injiniyoyin da suka san a bar wa ruwan shinkafa hanya a gefensa, sun san yadda za a bar wa ruwan birni.

Saboda haka, inda aka riga aka rufe Jakara, sai a tabbata titin da ke kanta yana da dakali mai faɗi a kowane gefe, wanda aka ɗaga sama yadda mota ba za ta hau ba, a dasa itatuwa a jere. Inda ba a rufe ba kuwa, musamman bayan ta fita daga birni, a auna taku goma daga bakin ruwa a kafa duwatsun shaida, a rubuta a littafin Ma'aikatar Ƙasa cewa wannan wuri ba na sayarwa ba ne, ba na kyauta ba ne, ko wa ya zo. Haka nan gindin ganuwa. Tun 2007 sunan ganuwar Kano, tare da Dala da Kurmi da Gidan Rumfa, yake cikin jerin wuraren da Nijeriya ta miƙa wa hukumar UNESCO tana neman a sa su cikin kayan tarihin duniya, amma a wurare da dama an ci ganuwar an yi shago, an cike kududdufan da ke gefenta an yanka filaye. Rushe-rushen da aka yi a watan Yuni na 2023, har da na shagunan Filin Idi, da shari'ar da ta biyo baya, sun nuna irin tsadar gyara bayan ɓarna. Ɗan kasuwa ya yi asara, gwamnati ta sha ƙara a kotu, jama'a kuma ba su sami lambu ba. Fili in an bar shi fayau ba kowa a kansa, ko ba daɗe ko ba jima wani zai ga kuɗi a cikinsa. Filin da dubban mutane suke bi safe da yamma, suna zama a inuwarsa, shi ne yake da masu tsaronsa.

Maganar itatuwa ita ce zuciyar al'amarin, domin a watan Afrilu zafin Kano yakan haura digiri 40, kuma hanyar da ba inuwa kowa gudunta zai yi. Darbejiya tana da saurin girma, ba ta kuma da zaɓen ƙasa. Maɗaci ya fi ta jinkiri amma ya fi ta kwarjini, kamar yadda tsofaffin titunan Nasarawa suka shaida. A wuraren hutawa sai a sa ceɗiya ko durumi, irin na ƙofar fada. Abin da yake kashe dashen gwamnati sananne ne: a yi biki, a ɗauki hoto, a watse, akuya ta zo ta gama aikin. Itace yana bukatar kariya da ban ruwa rani biyu ko uku na farko. In aka danƙa wa kowace makaranta da kowane mai unguwa da ke kan layin nasu yanki, aka rubuta sunansu a jiki, za a san wanda za a yaba da wanda za a tambaya.

Akwai masu cewa mutanen da ke fama da abin sawa a baka ba lambu ne ya dame su ba. Amsar ita ce mai kuɗi yana da lambu a gidansa da na'urar sanyi a motarsa, saboda haka ba dominsa ake maganar ba. Akwai masu tsoron kada hanyar ta zama dandalin 'yan daba da masu ƙwacen waya, kuma wannan tsoro ne mai tushe. Sai dai ɓarawo duhu yake so da kaɗaici. Maganinsa fitila mai aiki da hasken rana, da 'yan sintiri na unguwa, da yawan masu wucewa. Su ma masu tebur ba korarsu za a yi ba, gama mai shayi da mai ƙosai da mai gyaran takalmi su ne idon hanya. A ware musu gurbi a gefe, a shata layin da ba za su ƙetare ba, KAROTA ta tsare wannan layi kamar yadda take tsare na masu mota. Sa'an nan a yi makewayi da wurin alwala a tazara mai kyau, in ba haka ba kowa ya san abin da gindin ganuwa zai koma.

Shi kuwa Gidan Zoo, wanda aka kafa a farkon shekarun 1970, yana cikin manyan wurare masu itatuwa da suka rage wa jama'a a tsakiyar birnin. A 2020 an yi maganar mai da namun dajin Tiga saboda gari ya cim musu. Ko an kwashe zaki da giwa ko ba a kwashe ba, itatuwan ba su yi laifin komai ba, kuma ya kamata doka ta fito fili ta ce wannan gandu na jama'a ne har abada.

Daga nan sai magana ta koma inda ta faro, watau Gaya da Ajingi, domin su ne suke da damar da Kano ta bari ta wuce. A waɗannan garuruwa har yanzu akwai burtali, akwai kududdufi a bayan gari, akwai fadama, akwai kuka da tsamiya da ɗorawa waɗanda suka girmi duk mai rai a garin, ga kuma kogin da ya ratso Wudil ya nufi Haɗeja ba da nisa ba. Amma garuruwan suna girma. Kowace shekara ana yanka gonakin bakin gari ana mai da su fuloti, mai yankawa kuma ba ya barin ko taku ɗaya da zai iya sayarwa. Haka Kano ta fara, ba rana ɗaya aka cinye ganuwa ba.

Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta sa ƙasar birane a hannun gwamna, amma ƙasar da ba a ayyana ta birni ba, ƙaramar hukuma ce take da ikon ba da izinin mallakarta bisa al'ada. Ke nan shugaban ƙaramar hukuma da kansilolinsa ba sa bukatar jiran Kano kafin su motsa. Abin da ake nema gare su kaɗan ne. Su zauna da hakimi da dagatai da masu unguwanni da shugabannin makiyaya, a zaga gari da ƙafa, a nuna hanyoyin da mutane da dabbobi suka saba bi daga gari zuwa kasuwa da makaranta da maƙabarta da bakin ruwa, a nuna kududdufan da ruwan damina yake taruwa, a ƙirga manyan itatuwa. Jami'in ƙasa ya auna ya zana, a ajiye kwafi a sakatariya, kwafi a gidan hakimi, kwafi kuma a liƙa a makarantar sakandare inda ɗalibai za su riƙa gani. Kuɗin wannan aiki bai kai na motar ofis guda ɗaya ba. Lokacinsa kuma shi ne ƙarshen damina, sa'ad da ruwa ya nuna da kansa inda yake bi da inda yake kwana, kafin dillalan filaye su fito da igiyar awo bayan an kawar da amfanin gona.